Fiziks na Asibiti, Injiniyancin Na'urorin Lafiya ko Kimiyyar Magunguna: Wanne Ɗalibin Katsina Zai Ɗauka?

Duk shekara Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ta zo a 2011, da Jami'ar Al-Qalam, suna yaye matasa waɗanda suka karanta fiziks ko kemistiri, kuma da yawansu idan sun kammala bautar ƙasa hanya biyu kawai suke hange, ko dai su kama koyarwa a sakandare, ko su koma digiri na biyu a ainihin fannin da suka fito. Akwai hanya ta uku wadda ba a cika yi musu bayaninta ba, wato binciken da ke haɗa ilimin fiziks da injiniyanci da kemistiri domin warware matsalar da likita ke fuskanta a gefen gadon majinyaci. Tun da aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, wannan magana ta daina zama labarin nesa, domin irin wannan cibiya ba ta tafiya da likitoci da malaman jinya kaɗai. Sai dai hanyar tana da ƙofofi uku manya, kuma sun bambanta sosai wajen kuɗi da lokaci da kayan aiki da kuma abin da mutum zai tarar bayan ya gama.

Yana da kyau a fara da sanin cewa manyan na'urorin da asibiti ke tinƙaho da su a yau ba likitoci suka ƙirƙiro su ba. Wilhelm Röntgen, wanda ya gano hasken eksire a Würzburg ta Jamus a watan Nuwamba na 1895, malamin fiziks ne. Na'urar hoton CT ta fito ne daga hannun Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, wanda aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da na'urarsa a Landan a 1971, da kuma Allan Cormack, masanin fiziks haifaffen Afirka ta Kudu wanda ya warware lissafin da ke ƙarƙashin aikin. Su biyun aka ba lambar Nobel ta likitanci a 1979. A 2003 kuma lambar ta tafi ga Paul Lauterbur, masanin kemistiri, da Peter Mansfield, masanin fiziks na Jami'ar Nottingham, saboda hoton MRI. Babu likita ko ɗaya a cikin mutanen nan biyar. Don haka ɗalibin da ya nemi gurbin karatun likitanci bai samu ba, aka tura shi fiziks yana ɓacin rai, ya sani cewa ƙofar asibiti ba ta rufu gare shi ba.

Ƙofa ta farko ita ce fiziks na asibiti, kuma ita ce mafi fayyacewa a cikin ukun, domin aikin da ke jiran mai ita sananne ne. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi, wato ƙona ƙarin da radiyeshin, a wani mataki na jinyarsu. Likita ne ke yanke hukuncin yawan radiyeshin da za a ba ƙari, ana auna shi da ma'aunin da ake kira Gray, kuma a jinya da yawa akan ba da Gray 2 a rana, kwana 5 a mako, har jimillar ta kai 60 ko 70. Amma tabbatar da cewa abin da na'ura ta fitar shi ne abin da likita ya rubuta, kuma ya sauka a kan ƙarin ba a kan lakar baya ko huhu ba, wannan nauyi ne na masanin fiziks. Kafin a saki sabuwar na'ura ga majinyata, za ka same shi ya cika wani akwatin roba mai haske da ruwa, saboda ruwa yana shan radiyeshin kusan kamar naman jikin mutum, ya zura wani ɗan ma'auni mai kama da alƙalami zuwa zurfin santimita 10, ya rubuta zafin ɗakin da nauyin iska domin dukansu suna canza abin da ma'aunin zai nuna, sannan ya fita ya rufe ƙofar mai kauri ya kunna na'ura daga waje. Ƙa'idar da aka yarda da ita a duniya ita ce kada kuskure ya wuce kashi 5 cikin 100. Idan radiyeshin ya gaza, ciwon na iya dawowa. Idan ya wuce, za a ƙona lafiyayyen nama.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. Tsakanin 2000 da 2001 a ƙasar Panama, kuskuren da aka yi wajen shigar da bayanai a manhajar tsara gashi ya sa majinyata 28 suka sha radiyeshin fiye da kima, da dama suka rasa rayukansu, kuma ma'aikatan fiziks ɗin sun gurfana gaban kotu. Duk wanda ba ya da haƙurin maimaita awo ɗaya kullum, ko wanda ke jin kunyar ce wa babban likita yau ba za a yi aiki da na'urar ba, to wannan ƙofa ba tasa ba ce, kome ƙarfin sakamakonsa.

Abin da ya sa fannin ya zama filin bincike mai daɗi a ƙasarmu shi ne cewa tambayoyinsa na nan gida ba irin na Turai ba ne. Ɗauki bambancin na'urar kobalt da ta linak. Na'urar kobalt, wadda aka fara jinya da ita a Kanada a 1951, tana ɗauke da ɗan dunƙulen kobalt-60 wanda yake kamar garwashin da ba a iya kashewa, sai dai a rufe shi ko a buɗe, kuma yana hucewa a hankali, ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da wata 3, wato kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata, saboda haka dole a riƙa tsawaita lokacin gashi daidai da lissafi. Ba ta cin wuta sosai kuma ba ta da yawan lalacewa, amma sauya dunƙulen da tsaronsa babban aiki ne. Linak kuwa da wutar lantarki take samar da haskenta, tana iya lanƙwasa shi daidai da siffar ƙari, amma tana son wuta tsayayya da sanyi da injiniyan da zai zo da zarar ta tsaya. Idan ta tsaya mako biyu a tsakiyar jinyar mutum, ƙwayoyin cutar suna samun damar farfaɗowa, kuma yadda za a gyara lissafin sauran kwanakin tambaya ce da ke haɗa fiziks da ilimin halittu da hukuncin likita. Kundin bincike a kan wannan, daga bayanan asibitocin Arewa, ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan kwaikwayon abin da aka riga aka yi a wata ƙasa.

Inda matsalar take shi ne horo. Digiri na biyu kaɗai ba ya mai da mutum ƙwararren masanin fiziks na asibiti. Tsarin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta shimfiɗa yana neman ƙarin horo na aƙalla shekara 2 a cikin asibiti, ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware. A Najeriya ana karanta fannin a jami'o'i irin su Legas da Ile-Ife, a Gana akwai makarantar nazarin nukiliya ta Jami'ar Gana a Akara, a Italiya kuma cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Trieste, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin shekara 2 ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, shekara ɗaya a aji, ɗaya a asibiti. Mafi kusa da mu ita ce Zariya, inda asibitin koyarwa na Shika ya daɗe da sashen gashi, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello take riƙe da ƙaramin injin nukiliya na bincike wanda ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Sakkwato da Gwambe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja su ma suna da sassan kula da ciwon daji. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya zaɓi wannan ƙofa ya shirya barin Katsina na wasu shekaru, kuma ya san cewa gurabun aikin kaɗan ne, domin suna ɗaure da yawan na'urorin da ke ƙasar.

Akwai wani tarko da ya kamata a faɗa ƙarara. Sassan fiziks da yawa suna ba ɗalibi aikin ɗebo ƙasa ko ruwan rijiya ya auna radiyeshin da ke cikinsu, sannan a liƙa wa kundin sunan lafiya. Aikin yana da nasa amfani ga muhalli, amma ba fiziks na asibiti ba ne, kuma wanda ya yi shi zai fito bai taɓa tsara gashin mutum ɗaya ba. Idan ba a sami damar shiga sashen gashi ba, gara a koma ɗakunan hoton ƙirji da na ƙashi na manyan asibitocin Daura da Funtuwa da Malumfashi, a auna yawan hasken da yaro ke sha a hoto ɗaya, da ko bangon ɗakin yana kare masu jiran layi, bisa ƙa'idojin Hukumar Kula da Nukiliya ta Najeriya. Wannan aiki ne da ake iya yi a cikin jiha, kuma sakamakonsa yana iya canza yadda ake aiki tun kafin a kare kundin.

Ƙofa ta biyu, injiniyancin na'urorin lafiya, ba ta kai ta farko fayyacewa ba, amma a ganina ita ce buƙatarmu ta fi yawa a kanta. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiya na wani babban asibiti ya ga na'urorin da aka sayo da tsada ko aka kawo gudummawa suna jibge, wasunsu ba abin da ya kashe su sai ƙura da hawa da saukar wuta. Na'urar tace iskar oksijin misali ce mai kyau. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ne oksijin, kashi 78 naitirojin. Na'urar tana tura iska da ƙarfi ta cikin bututu biyu cike da ƙwayoyin wani sinadari mai suna ziyolait, wanda ke riƙe naitirojin ya saki oksijin da ya haura kashi 90. Idan bakanike ya kwance murfinta a watan Janairu, zai tarar soson tacewa ya yi ja da ƙurar hunturu har ya daskare, fanka tana nishi. A watan Afrilu zafin ɗaki ya haura 40, injin yana kashe kansa. A Agusta kuma laima ta shiga ziyolait ta lalata shi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne na'urar na iya ci gaba da ƙara tana hura iska, uwa tana ganin kumfa a kwalbar ruwa tana samun natsuwa, alhali abin da jaririnta ke shaƙa bai fi iskar ɗaki da yawa ba. Gyaran wannan yana buƙatar injiniya don wuta da fanka, masanin kemistiri don ziyolait, da likitan yara da zai faɗi abin da jariri zai iya jurewa.

Irin wannan bincike ba ƙaramin abu ba ne a idon masana. A 2023 Farfesa Hippolite Amadi ya ci babbar lambar kimiyya ta Najeriya da kamfanin NLNG ke ɗaukar nauyi, saboda na'urorin taimaka wa numfashin jarirai masu araha da ke iya aiki da hasken rana. A Legas an yi gwajin da aka wallafa a 2015 wanda ya nuna cewa hasken rana da aka tace ta cikin wata leda ta musamman, mai tare hasken da ke ƙona fata, yana maganin shawarar jarirai kamar fitilar asibiti mai shuɗin haske. Na'urar gwajin sikila ta hannu da aka ƙirƙira a Jami'ar Case Western ta Amurka, wadda ke raba nau'o'in jini da ƙarfin lantarki a kan ɗan guntun takarda cikin mintuna, a asibitocin Kano aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajenta. A Mbarara ta Yuganda kuma masu bincike tare da abokan aikinsu na Leiden ta Holan sun haɗa ƙaramar na'urar MRI da maganaɗisu na dindindin mai ƙarfin kusan tesla 0.05, alhali ta asibiti takan kai tesla 1.5 kuma tana buƙatar ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. Hoton bai kai na babbar kyau ba, amma manufarsa ganin taruwar ruwa a kan yaro ce, ba gasa da ita ba.

Akwai ma tambayar da ta shafi fatarmu kai tsaye. Ɗan abin da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna oksijin, wanda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano hanyarsa a shekarun 1970, yana aiki ne da haske biyu da ke ratsa yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa yiwuwar na'urar ta nuna lafiya lau alhali oksijin ya yi ƙasa ta ninka kusan sau 3 ga baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare. A nan muna da ƙarin tambaya, wato lalle da mata ke ƙunsawa a yatsu, da kuma na'urori masu arha da ake saye a kasuwa ba tare da sanin ingancinsu ba. Ɗalibin da ke da likita abokin aiki da izinin asibiti zai iya taɓa wannan ba tare da ya bar Katsina ba.

Raunin wannan ƙofa guda biyu ne. Na farko shi ne matsayi: a asibitoci da yawa ana kallon mai wannan ilimi a matsayin mai gyara kawai, a kira shi idan abu ya mutu amma ba a shawarce shi lokacin saye ba. Wanda digirinsa na farko fiziks ne kuma ya bincika tun da wuri ko karatun da zai yi zai kai shi ga rajista da COREN, wato majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista, domin majalisar tana duba tushen karatun injiniyanci, ba sunan digiri na biyu kaɗai ba. Na biyu shi ne na'urori da yawa da ɗalibai ke haɗawa suna ƙarewa a kan kantar sashe, saboda tsakanin abin da ya yi aiki ranar kare kundi da abin da za a jona wa jariri akwai gwajin aminci da izinin NAFDAC da kuɗin ƙerawa. Jami'o'in da suka yi suna a fannin, irin su Legas da Ibadan da Ilori da ta Fasaha ta Owerri, duk suna nesa da mu, amma injiniyan lantarki ko na injuna yana iya yin bincikensa a sashensa na asali muddin ya sami likita a matsayin malami na biyu mai duba aikin.

Ƙofa ta uku ita ce ta kemistiri, kuma Katsinawa ba baƙinta ba ne, tunda marigayi Umaru Musa 'Yar'adua kansa digirinsa na biyu a fannin tantance sinadarai ya yi a Zariya, ya kuma koyar kafin siyasa. Abin da ke jan matasa zuwa nan shi ne burin gano magani daga itatuwanmu, kuma burin yana da tushe. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yanzu ya samo asali daga wata ciyawa dangin tazargade, wadda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da sinadarinta a farkon shekarun 1970, aka ba ta Nobel a 2015. A gida kuma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan don masu sikila, daga haɗin wani mai maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce na Kudu. An fara sayar da shi da sunan Nicosan a 2006, amma bayan 'yan shekaru kamfanin da ke haɗa shi ya durƙushe, maganin ya yi wuyar samu. Labarin yana nuna cewa ana iya yi a nan, yana kuma nuna cewa kimiyyar kaɗai ba ta kai magani hannun majinyaci.

A nan ne zan fi yin kashedi. Gano sabon magani yakan ci shekara 10 ko fiye, kuma mafi yawan abin da aka fara ba ya kai wa ƙarshe. Abin da aka saba gani a digiri na biyu shi ne a jiƙa ganyen sabara ko bagaruwa ko marke, a ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin cuta a faranti, a auna da'irar da ta fito, a rubuta cewa ganyen yana da amfani. Wannan matakin farko ne kawai, kuma an maimaita shi har ya gundura. Mataki na gaba, wato ware sinadari ɗaya a gane siffarsa da yawan da ke zama guba, yana buƙatar na'urori masu tsada irin su NMR da HPLC, waɗanda ko inda ake da su sai an bi layi an biya. Haka nan binciken ƙananan ƙwayoyin ƙarfe masu neman ciwon dajin nono a cikin jiki, wanda Farfesa Wole Soboyejo da ɗalibansa suka yi suna a kai a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, aiki ne mai kyau ƙwarai amma ba ya yiwuwa sai a cikin babbar tawaga mai kayan aiki. A kuma sani cewa wannan digiri ba ya ba mutum lasisin harhaɗa magunguna, wanda ke hannun waɗanda suka karanta fannin tun daga tushe.

Reshen kemistiri da nake ganin ya fi dacewa da mu shi ne na tantancewa, wato gano abin da ke cikin abu da yawansa. Maƙwabciyarmu Zamfara ta nuna dalili a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Shawo kan abin ya haɗa na'urar hannu mai harba hasken eksire a ƙasa ta nuna yawan dalma nan take, da gwajin jinin yara, da maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari wanda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bayar, da kuma kankare ƙasar tsakar gida a sauya ta da mai tsabta. Haƙar ma'adinai ta hannu ba ta tsaya a iyakar Zamfara ba. Ga kuma jabun magunguna, da gubar funfuna a gyaɗa da masarar da ba ta bushe ba, da abin da ke cikin tozali da mayukan sauya launin fata. Mai wannan ƙwarewa yana da wurin aiki a NAFDAC da ɗakunan gwaje-gwaje da masana'antu, ko da bai zama malamin jami'a ba.

Idan aka jera ukun, fiziks na asibiti ya fi tabbas wajen sanin aikin da za a yi, amma ya fi ƙuncin gurbi, ya fi tilasta tafiya, kuma kuskurensa ya fi tsada. Injiniyanci ya fi araha wajen fara bincike, domin da ma'aunin oksijin da 'yan kayan lantarki da izinin shiga ɗakin yara ana iya yin aiki mai ma'ana, sai dai mutum zai yi fama kafin a ba shi matsayinsa. Kemistiri ya fi faɗin kasuwa idan aka bi ta tantancewa, ya fi cin kuɗi da shekaru idan aka bi ta neman sabon magani. Ga matar aure mai ƙananan yara, ko magidancin da albashinsa na koyarwa ne ke riƙe da gida, wannan bambanci na tafiya da zama ba ƙarami ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya sa shi a gaba wajen yanke shawara ba. Batun kuɗi kuma a bayyane yake: tallafin karatu na TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, saboda haka wanda bai sami koyarwa a jami'a ko kwaleji ba ya nemi wata hanya, kuma guraben horo na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya sukan biyo ta hannun gwamnati da wurin da mutum ke aiki.

Wahalar da ta haɗa ƙofofin uku ita ce jami'o'inmu a kan sassa aka gina su, kowane sashe da shugabansa da kasafinsa da dokokin kundinsa. Ɗalibin da aikinsa ya ratsa sassa biyu yana iya zama na kowa kuma ba na kowa ba: malamin fiziks ya ce aikin ya cika magana a kan jinya, likita ya ce ya cika lissafi, mai jarrabawa daga waje ya auna shi da ma'aunin fanni ɗaya. Duk binciken da zai taɓa majinyaci ko jininsa ko fayil ɗinsa sai ya sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti, kuma wannan na iya cin watanni, don haka a shigar da takarda tun a zangon farko. A kuma zauna da malaman biyu a wuri ɗaya tun kafin a fara, a rubuta wanda zai ba da na'ura, wanda zai buɗe ƙofar asibiti, da yadda za a jera sunaye idan an zo wallafawa, domin rashin yin haka ya raba abokan aiki da yawa.

Shawarata ga wanda ya fito daga fiziks da sakamako mai ƙarfi, yake da natsuwa, kuma zai iya yin shekara 4 a wajen jiha, ita ce ya nufi fiziks na asibiti, amma kada ya biya kuɗin rajista sai ya ji daga bakin tsofaffin ɗaliban sashen cewa sun shiga ɗakin gashi sun yi awo da hannunsu. Wanda hannunsa ya saba da kwance rediyo da haɗa sola, ko daga fiziks ya fito ko daga injiniyanci, ya nufi na'urori, ya fara da neman likitan yara ko na tiyata da zai faɗa masa abin da ke mutuwa a sashensa. Mai kemistiri kuma ya ɗauki tantancewa, sai fa idan ya sami malamin da ke da ɗakin gwaji mai aiki da tallafi a hannu, wanda ya riga ya ware sinadari ya wallafa. Kafin ya amsa tayin kowane sashe, ya je da ƙafarsa ya ce, “Malam, ina so in ga na'urar da zan yi aikin da ita,” ya tambayi ranar da aka kunna ta ta ƙarshe da sunan wanda ke gyara ta idan ta tsaya.